Ranar da Jitata Ta Hau Lasifikar Masallaci

Ba zan taɓa mantawa da amfilifayar da na saya a shekarun da kuɗin fetur suka juya mana kai ba. Soja ke mulki a lokacin, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya, kowa a Sakkwato ya bazama neman abin da ya fi na maƙwabcinsa girma. Masinjan ofishinmu firji ya saya alhali babu lantarki a gidansu, ya riƙa ajiye takalma a ciki. Ni kuwa, ƙaramin akawu a sakatariya mai tara suma, jitar lantarki na saya a hannun wani soja da aka yi wa canjin wurin aiki, na tura ta ƙarƙashin gado.

Ɓoyewar ta zama dole. Mahaifina, wanda duk unguwarmu a Tudun Wada ake kira Malam, shi ne limamin masallacin ƙofar gidanmu, ɗakina kuma bango ɗaya ya raba su da masallacin. Ga shi jitar lantarki ba ta da murya sai da amfilifaya. In ka kaɗa ta haka nan, sauro ya fi ta ƙara.

Na tafi shagon Alhaji Ummaru mai rediyo. Ya fara nuna mini wata 'yar ƙarama, wadda za ka rataya a hannu, ya ce ita masu koyo ke saye don ɗaki. Na yatsine fuska (ni da ban gama sanin inda ake ɗora yatsu ba). Alhaji ɗan kasuwa ne, nan take ya juya. "Ai ni na san ma'aikacin gwamnati ba shi ɗaukar ƙarama," in ji shi, ya yaye wa wata zane. Tsawonta ya kai ƙuguna. Ban tambayi komai ba sai ko akwai wadda ta fi ta.

Sai da mai amalanke ya sauke ta a ƙofar gida na tuna ba ta shiga ƙarƙashin gado. Malam na zaune a kan buzu da dattawan unguwa.

"Kai, mi na wanga?"

"Na masallaci na, Allah shi gafarta Malam. Don kiran salla."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Malam ya daɗe yana kallona, idanunsa suka kawo ruwa. Ya juya ga dattawan ya ce, "Kun gani? Ɗiyan zamani na sayen babur, nau ɗa lahira tai yas saya." Aka ɗaga hannu aka yi ta zuba mini addu'a, ni kuma ina amin ina gumi.

Jama'a suka haɗa hannu suka sayo lasifika, aka ɗaure ta a saman masallaci. Na ba da shawara amfilifayar ta zauna a ɗakina saboda ɓarayi (ɓarawon na ciki), aka zaro wayoyi biyu ta taga, ɗaya ta makirfon ladan, ɗaya ta lasifika. Abin lura shi ne, muddin wayar lasifika na jone, amfilifayar ba ta magana a ɗaki, sama take aika komai. Don haka duk ranar da Malam ya fita, sai in zare wayoyin biyu, in jona jita, in kaɗa a hankali. Uwar amfilifaya guda, amma raɗa muke yi.

Wata Asabar bayan Azahar Malam ya tafi ɗaurin aure Gawon Nama. Na rufe ƙofa da taga, na zare wayar makirfo, na jona jita. Ɗaya wayar kuwa, ta lasifika, na manta ban zare ta ba. Na kaɗa, shiru. Na murɗa ƙara, shiru. Na murɗa har ƙarshe, na kai wa tsirkiya duka.

Sai na ji wani yana kaɗa jita a waje. Na ce ashe unguwar nan akwai wani mai jita! Na ƙara kaɗawa ina kasa kunne, na fashe da dariya, don mutumin bai iya komai ba. Kiɗansa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Har tausayin iyayensa na ji. Na tsaya, ya tsaya. Na ci gaba, ya ci gaba. Nan raina ya ɓaci, na ce ɗan iskan nan kwaikwayona yake yi, kuma yana ɓata mini kiɗa. Na miƙe tsaye, na rataya jita, na ce bari in nuna masa ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ina cikin nuna masa aka banko ƙofa. Malam ne, bayansa ga baƙi masu rawani da ya gayyato daga wurin ɗaurin aure, su zo su ga abin da ɗansa ya yi wa addini. Bayansu kuma ga rabin unguwa. Da na razana hannuna ya goge tsirkiya, lasifikar masallaci ta yi wani kuka a kanmu duka. A nan na gane wa nake yi wa dariya.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma duka ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ni kas sa niy yi shaidar zur gaban jama'a." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Sannan ya dubi amfilifayar ya ce, "Ka ce ta masallaci ta. To, mu mun riƙe ka da maganarka. A ɗauka." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Kuma ko ga masu kiɗin, wanga ba kiɗi na ba."

Ta yi shekaru tana kiran salla, ladan ya riƙa cewa bai taɓa ganin sadakar da ta fita da ƙyar irin tawa ba. Ni kuwa har yau tsofaffin unguwa Na'ibin Ladan suke kirana. Daga baya na koma wurin Alhaji Ummaru a ɓoye na sayi 'yar ƙaramar, na kai ta ɗakin wani abokina a Runjin Sambo.

Tun daga ranar, in na ji wani yana kwaɓa abu a bainar jama'a, ba na saurin dariya. Sai na fara duba ko wayata ce a jone.