Farcen Gwaggo Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin ƙanwata a Gagarawa. Lokacin sati biyu ke nan da gama wani horon agajin gaggawa da aka ba mu a wurin aiki, kuma tun daga nan ba na iya gaisawa da mutum sai na sanar da shi cewa ƙashi ashirin da bakwai ne a hannunsa. (Babu wanda ya taɓa tambayata.)

Bayan azahar aka yi salati a cikin gida. Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinmu, wadda za ta jagoranci kai amarya da la'asar, ta kai hannu bakin turmi, taɓarya ta sauka a kan yatsanta. Na ratsa mata ina cewa a ba ni wuri.

A yi mini adalci, farkon aikin ya yi kyau. Na zare mata zobe kafin yatsan ya kumbura. Na hana a shafa man zafi, na sa tsumma mai sanyi, na ɗaga hannun sama da ƙirjinta. Ta lanƙwasa yatsan ta miƙe shi. Mata suka fara kallona da mutunci.

Sai na tuna gwajin farce: ka matsa, ya yi fari, ka saki, ja ya dawo. Na matsa. Ko gezau. Na sake matsawa, launin yana nan jajir da duhu.

"Jini ba ya zagayawa," na ce, da irin muryar sanarwar rasuwa. "Idan aka yi jinkiri za a rasa yatsan."

"Kai ɗan nan, zafi kawai yake yi. Amarya fa?"

"Gwaggo, amarya ko yatsa?"

Haka na ɗora ta a babur har asibitin Gumel, hannunta a sama kamar mai neman izinin magana, duk wanda muka wuce sai ya ɗago mata nasa.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta saurari bayanina har ƙarshe. Ta matsa naman kan yatsan, ta duba ƙashi. Sannan ta kamo ɗaya hannun, mai lafiya, ta ce, "Malam, gwada wannan."

Na matsa. Launi ɗaya.

"To wannan ma ya mutu ke nan? Mama, yaushe aka yi lallen?"

"Kwana uku ina ƙunshi," in ji Gwaggo, idonta a kaina. "Shi ya sayo mini lallen."

Kafin mu koma an kai amarya, an dawo. Gwaggo ta zauna tsakar gida ta miƙa wa mata yatsu goma, ta ce su yi mata ta'aziyya, likitan gida ya ce duk sun rasu.

Abin da na koya: Allah ya ba mutum hannu biyu, kafin ka yanke hukunci a kan ɗaya, duba ɗayan. Musamman a gidan biki.