Tutar Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta samarinmu a Makka ba. Ban daɗe da zuwa daga Kano ba, na cika mutanen unguwar Mansur da labarin cewa a gida manyan wasanni nake busawa (na 'yan firamare ne, amma babu wanda ya tambaya).

Unguwar Mansur da ta Tandabawi ne suka kai ƙarshe. Ruwan sama ya riga ya sa an ɗage wasan, don haka kowa a ƙagauce yake. Mai riƙe mini tuta wani dattijo ne haifaffen Makka, Baba Idi.

Ana ɗaya da ɗaya, lokaci ya kusa cika, sai yayyafi ya sauko. Daidai nan ɗan gaban Mansur ya zura ƙwallo. Na waiga, na ga tutar Baba Idi a sama. Na busa satar gida da ƙarfin da ko can a unguwar Utaibiyya an ji.

Ashe mutanen Makka, da ruwa ya taɓa ƙasa, hannu suke ɗagawa su yi addu'a. Baba Idi ya ma rufe ido.

"Ya waladi, ɗana, gafara nake roƙo, ban ga satar gida ba," in ji shi.

Kunya ta rufe ni, amma girman kai ya fi ta nauyi. Na turje na ce alƙali ba ya janye hukunci. Yaran Mansur, da suka sha wahala kafin su kai nan, har da masu hawaye.

Sai kyaftin ɗin Tandabawi, Usama, ya ajiye ƙwallon zai buga. Ya dube ni ya ce, "Ma'alesh ya ammi, yi haƙuri kawu, ƙwallonsu ce." Ya juya, ya gangara ta cikin ragarsu, golansu ya matsa gefe ya ba ta hanya.

A doka wannan ba ci ba ne, kwana ce. Na san haka sarai. Amma na busa ci, kuma ban taɓa busa usur da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Har yau ina jinjina wa yaron nan, da ya miƙa kofi ga masu shi.

Tun ranar, in na ga tuta a sama, sai na fara duba ko mai ita idonsa biyu.