Layar Damtsen Yaya

Yayana ba ya tsallake bakin ƙofa sai ya shafa damtsensa na hagu. Akwai laya a wurin tun yana da sauran baƙin gashi. Ban taɓa tambayarsa abin da ke cikinta ba.

Da likita ya sa ranar yi masa aiki a zuciya, ya ce ba a shiga ɗakin tiyata da komai a jiki. Yaya ya kai har kan gadon da ake tura marasa lafiya, aka ce ya kwance layar, ya sauko ya nemi takalminsa. Aka sake sa rana, aka kuma ce ita ce ta ƙarshe. Da safiyar ina zaune a ɗakinsa, yana ɗinka wa layar sabuwar igiya ta fata, sai ga jikarsa da makullin mota a hannu.

"Ina kwana, Ango. Ya ƙarfin jiki? Ko da yake ƙarfin babu, ya jikin?"

"Amarya, matsa daga taga. Kin shigo ɗaki ya yi duhu, ina ɗinki."

"Yau kai za a ɗinka. Kwance wannan abin mu tafi."

"Wannan abin ya girmi ubanki. Da shi na faɗo daga kan rufi, ko ƙwarzane ban yi ba."

"Ƙanenka ya ce watanni ka yi a kwance."

Ni dai na dubi labule.

"Hutawa na yi," in ji Yaya. "Ɓarayi kuma da suka shigo gidan nan, sun gan ni?"

"Kana ƙarƙashin gado."

"Layar ce ta nuna mini wurin."

"To me ya hana ta tsare maka haƙora?"

"Ba sashenta ba ne. Daga wuya zuwa ƙasa take aiki."

"Zuciya fa, a ka take?"

Yaya ya soka allura, ya zaro, ya sake sokawa. Sai can ya ce, "Kakarki ce ta ɗaura mini da hannunta. Ta ce kada in kwance sai ta ce."

Mai cewar kuwa ta daɗe da rasuwa. Jikar ta ajiye makullin a kan tebur.

"Ai da za ta tafi ni ta bar wa kai, da kai da tarkacenka. Wa kake kira Amarya tun ina rarrafe?"

"Rashin zaɓi ne."

"Ko ma mene ne, ni ce matar gidan yanzu. Na ce ka kwance."

"Ke da ko shayi ba ki iya ba."

"Kana shanyewa dai." Ta naɗe hannun riga, ta miƙa masa damtse. "Ɗaura mini. A bakin ƙofar tiyatar zan tsaya. Allah ne mai tsarewa, amma duk abin da zai shiga wurinka sai ya bi ta kaina."

Ya daɗe yana kallonta.

"Da wannan fuskar taki, ko ba laya zai juya."

Dariya ta kubce masa, guda ɗaya, har da tari. Ya sa haƙoran da suka rage ya kwance ƙullin. Fatar wurin ta yi fari.

"Aro ne, ba kyauta ba."

"Wa zai so kyautar wannan warin?"

Ya ɗaura mata, tsohuwar igiyar ta yi mata cif. Ban san damtsen Yaya ya rame haka ba.

A bakin ƙofa hannunsa ya tafi inda ya saba, bai sami komai ba. Jikar ta karkato masa kafaɗa. Ya shafa, ya tsallake.

Na sa hannu zan ɗauke ɗinkin daga kan kujera.

"Bar shi nan," ya ce daga waje. "Ni zan ƙarasa."

Na bar shi yadda yake, allurar a soke a jikin fatar.