Alhaji Teku da Bangon Katantanwa

Jibiya ta yi sa'a, don ba kowane gari Allah ke ba mutum irin Alhaji Kalilu ba. A shekarun da arzikin fetur ya ɓarke, shi ne ya gano cewa buhun siminti na ƙara daraja da zarar ya tsallaka iyaka ya doshi Maraɗi. Motocinsa suka yi ta kai da kawowa. Tumbinsa ya yi ta yin gaba, har ya zamana sai tumbin ya shiga zaure ya gaisa da jama'a sannan Alhaji ya iso.

Sau ɗaya ya je Ikko duba jirgin simintinsa da ya maƙale a tashar ruwa. Bai ga jirgin ba, amma ya ga teku, kuma daga ranar bai bar kunnen kowa ya huta ba. 'Yan tashar motar Jibiya suka sa masa Alhaji Teku. Ya ji sunan, ya ɗauka sarauta ce.

A otal ɗin da ya sauka ya ga an zana wani basarake a bango da katantanwar teku. Saboda haka ya dawo da ita buhu-buhu, farare da masu ɗigo-ɗigo, ya zube a ƙofar sabon gidansa, ya tara mutane.

"Ku ba ku san duniya ba," in ji shi. "A Italiya da wannan ake yi wa manya ado. A Japan jikin akwatin sarki ake liƙa ta. Ku kuwa ku ɗaura wa ɗan maraƙi wuri a wuya, ku ce kun yi kwalliya!"

Italiya da Japan duk a bakin mai gadin otal ya ji su, amma ilimi ai ilimi ne.

Ya kira Ishaku magini, mutumin Kafancan da aikin gidajen ma'aikata ya kawo Jibiya, ya ce a zana shi tsaye a bangon waje, inda duk motar da za ta Nijar sai ta gan shi. Aka kafa rumfar zana don kada ido ya riga biki. Alhaji ya sa kujera yana ba da umarni.

"Ƙara wa rigar faɗi. Ni ba na tsayuwa a tsuke."

Ishaku ya ƙara.

"Ƙara dai. Ja wuyan sama kuma, in riƙa hango iyaka."

"Alhaji, katantanwar fa tana ƙarewa."

"Kai da siminti aka sani. Fasaha bar mana."

Riga ta cinye buhunan kaf. Da aka zo kai, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, sai aka yi shi ɗan mitsitsi, aka ɗora masa jar dara da fasasshen kwano. Ƙafafu kuwa siraran layuka biyu suka samu.

Ranar buɗewa babban baƙo shi ne Alhaji Uwaisu na Maraɗi, attajirin da ke shirin gina jerin shaguna, wanda duk dillalan siminti na Jibiya ke zawarcinsa. Don shi aka yanka raguna. Alhaji Teku ya yi jawabi mai tsawo kan Italiya, sannan ya sa aka yaye zanar. Ya tsaya gefen hoton, ya turo ƙirji, ya miƙe wuya.

Wuri ya yi tsit. Alhaji ya ɗauka kwarjini ne.

Alhaji Uwaisu ya matso, ya gyara tabarau, fuskarsa ta washe.

"Kai, madalla! Wagga zabuwa ta yi kyawo. Har da ɗan jan kanta! Ni duk cikin tsuntsaye babu wadda nike so kamar zabuwa. Alhaji, ashe ra'ayinmu guda?"

Alhaji Teku ya dubi bango. Ya dubi baƙo. Ya hango sauran dillalai a bayan rumfa sun kasa kunne, kowa na jiran ya ji an gyara wa attajiri magana a bainar jama'a.

"Zabuwa ce, ranka ya daɗe," in ji shi. "Irin ta Italiya."

Tari ya sarƙe Ishaku, ya zagaya bayan gida. Alhaji Uwaisu kuwa ya kama hannun mai gida ya ce ciniki ya faɗa, mutum mai son zabi ba ya cuta.

Ana cikin haka wata a-kori-kura ta sauke Gwaggo Ma'u, ƙanwar mahaifin Alhaji Teku, wadda ta taso daga Gangara ta makara a hanya. Ta dogara sandarta ta ratsa taro, ta tsaya gaban bango ta daɗe tana kallo. Sai ta tafa hannu, ta ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi.

"Kalilu! Wa ya zana ka haka? Wallahi kai ne sak!"