Ranar Da Na Ce Wa Babana "Malam"

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a kasuwar garinmu ba, ko da kuwa na so in manta. Yanzu na gama karatu, na yi aure har na samu ƙaruwa, amma duk sanda ranar nan ta faɗo mini a rai sai in ji kamar in nemi inda zan cusa fuskata.

Ni ɗan Talata Mafara ne, kuma ɗan mahauci. Kakana fawa ya yi, babana ma ita ya gada, da ita aka ciyar da mu aka kuma kai ni makaranta. Yau ina faɗin haka ba tare da na sunkuyar da kai ba, amma lokacin da nake aji uku a sashen nazarin abinci da gina jiki, da a kira ni ɗan Rundawa, wato ɗan mahauta, gara a kwaɗa mini mari. Tun muna firamare yara ke toshe hanci in na zauna kusa da su, wai ina ƙarnin jini. Shi ya sa da na shiga jami'a aka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai na ce yana harkar shanu. (Ba ƙarya ce zalla ba, ai shanun yake yankawa.) Abokai suka ƙara nasu gishirin, har ta kai ana cewa tireloli yake lodawa zuwa Kudu. Ban gyara wa kowa zance ba. Suka laƙaba mini "ɗan Alhaji", ni kuma ina amsawa har da gyara hula.

Muna da ƙungiyar ɗaliban sashenmu, kuma a cikinta na fi jin ni wani ne. Kowace Laraba bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji, wani ya gabatar da bayani, a yi musu a kan kunun yara ko tuwon masu ciwon suga, wani lokacin a yi gasar girki mu cinye abin da aka dafa da sunan ɗanɗanawa. Ni ne mai yaɗa labarai, amma idona na kan kujerar shugaba, zaɓe kuma ya kusa. Don in burge jama'a sai na kawo shawarar mu fita wayar da kai a dogon hutu, mu je Bakura da Maradun, mu auna wa mutane nauyi da hawan jini, mu koya wa mata haɗa abincin yara. Aka yi ta tafi.

Dakta Asabe, malamarmu kuma uwar ƙungiya, ita ce ta ɓata mini lissafi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ta yaya za mu ratsa garinku mu wuce ba mu tsaya ba? A sa Mafara a ciki, kuma ranar kasuwa."

Na ce to. Me zan ce?

Sai na shiga dabara. Ban gaya wa kowa a gida za mu zo ba, na ce wa Inna sai ƙarshen mako zan dawo hutu. Masauki na nema mana a wata makaranta a bakin gari. Wurin kafa rumfa kuma na zaɓi gefen masu hatsi, wanda in za ka je layin mahauta daga nan sai ka ratsa kasuwar kaf.

A Bakura komai ya tafi daidai. Mata sun cika wurin, muka dama kunun gero da gyaɗa da waken soya a gabansu, yara suka sha har da lasar kofi. A Maradun kuwa jikin kowa ya yi sanyi. Yawancin matan da suka zo daga ƙauyukan Faru da Janbako suka baro gidajensu saboda rashin tsaro, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. Muna zagaya zaren awo a damtsen yara, yana ta faɗawa kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Rukayya, 'yar ajinmu da ke riƙe da na'urar awon jini, sai da ta koma cikin mota ta yi kuka ta dawo. Ni dai na riƙe lasifika na yi jawabi mai tsawo a kan yadda ilimi ba shi da amfani in bai kai ga mutanenmu ba. Har Dakta ta gyaɗa kai.

Ranar Talata muka kafa rumfarmu a Mafara tun da hantsi, mu goma sha takwas cikin fararen riguna. Na sa takunkumi na ja hula har gira. (Kamar dai takunkumi zai hana mutanen da suka ga ranar sunana su gane ni.) Har wajen azahar ban gamu da matsala ba, sai masu cewa "Kai, ba ɗan gidan wane ba ne?" in ɗaga musu hannu in juya baya. Na fara murna ke nan sai Dakta ta miƙe ta ce, "Masu nama fa? Su ne ke wuni zaune wuri ɗaya, ga kitse kusa da baki. Mutum biyar su biyo ni. Kai ɗan gari, shige gaba."

Ina tafe ina addu'a Allah ya sa Baba ya tafi masallaci. Bai tafi ba. Yana nan a teburinsa na kullum, na uku daga farkon layi, da tsohuwar rigarsa ta aiki duk jirwayen jini, wuƙa a hannu yana fere cinyar wani sa. Ya ɗago ya gan mu. Duk da takunkumin, nan take fuskarsa ta washe. Ya ajiye wuƙar ya fara goge hannu a jikin riga.

Kafin ya buɗe baki na riga shi. Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Mu ɗalibai ne daga jami'a, mun zo wayar da kai."

Hannun da yake gogewa ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi fararen rigunan da ke bayana, ya sake dubana. Sannan a hankali ya ce, "Maraba da ku, samari. Kun zo lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Ɗan Ige, maƙwabcin teburinsa wanda ya sha goya ni ina yaro, ya leƙo yana nuna ni da sanda. "Kai, wanga ba shi ne..."

Baba ya katse shi. "Ɗan Ige, jawo ma baƙi benci."

Da ina da sauran hankali da a nan na tsaya. Amma na riga na hau, sai na zarce. Na tsaya gaban mahautan da suka taru na yi musu jawabina na kitse da gishiri, na ce a riƙa rufe nama saboda ƙudaje, a riƙa wanke teburi da ruwan zafi. Mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando suka tsaya suna saurare, ba wanda ya tanka, saboda sun ga Baba bai tanka ba. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Gaskiya ne. Allah shi yi albarka."

Sai aka fara awo. Rukayya ta zaunar da Baba a benci ta naɗe masa hannun riga, tana ɗan jan sa da hira kamar yadda aka koya mana.

"Baba, kana da yara a makaranta kuwa?"

"Ina da guda babba, shina jami'a. Irin karatun ga naku shika yi."

"Ikon Allah! Wace jami'a?"

Ya ce, "Ni ban iya sunayen ga ba, 'yata."

Na'urar ta gama kumbura ta saki. Rukayya ta dubi lambar, ta sake aunawa, sannan ta kira Dakta da murya ƙasa-ƙasa. Dakta ta karɓa ta auna ɗaya hannun da kanta. Na ga fuskarta ta sauya.

"Baba, kanka na ciwo?"

"Shina yi. Nan ƙeya."

"Jiri fa?"

"Wani lokaci in ina yanka sai ido shi yi duhu, in dafa tebur shi wuce. Ya kai wata uku."

"Wata uku! Shi ɗan naka bai sani ba?"

Baba bai dubi inda nake ba. Ya ce, "An hwaɗa mai. Karatu ne ya yi mai yawa."

Gaskiya ne, an faɗa mini. Sau biyu Inna na kira na ta ce Baba na fama da ciwon kai, sau biyun ina ce mata gajiya ce, ya sha magani ya kwanta. A lokacin ina tsaka da buga takardun talla na wannan fitar tamu.

Dakta ta juyo gare mu, ranta a ɓace. "Kun ga abin da nake gaya muku kullum? Ɗa yana can yana haddar littafi, uba yana nan zai faɗi a kan tebur. Kada in ji ɗayanku ya zama irin wannan yaron." Har da nuna ni da biro, a matsayina na wanda ya fi kowa kusa da ita. Na ce, "Haka ne, Dakta." (Wallahi haka na ce.)

Ta koma kan Baba ta ce ba gobe ba, yanzu-yanzu za a kai shi asibiti, kuma dole a sanar da ɗan nasa. Ta nemi lamba. Baba ya ce bai riƙe ta a kai ba. Ta ce ya kawo wayarsa. Ya yi ta laluben aljihu kamar bai san inda take ba, har dai ya fito da ita ya miƙa wa Rukayya.

Da zan so in ce muku a nan ne imani ya motsa mini na fito na faɗi gaskiya. Ba haka aka yi ba. Ɗan Ige ne, wanda haƙurinsa ya ƙare, ya ce, "Yarinya, danna lamba ɗaya ki riƙe. Ita ce ta ɗan nai."

Ta danna. Aljihun farar rigata ya ɗauki ƙara.

Ban taɓa sanin layin mahauta zai iya yin shiru haka ba. Masu sara suka dakata. Rukayya ta dubi wayar hannunta, ta dubi aljihuna, ta kasa ko katse kiran. Na sa hannu na zare takunkumin, na ce, "Babana ne." Muryar da ta fito ko ni da ƙyar na ji ta.

Na jira Dakta ta wanke ni tas. Ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To kama masa hannu ka kai shi mota."

A asibiti suka kwantar da shi kwana biyu. Likitan ya ce Allah ne ya kiyaye, saura kaɗan ɓarin jikinsa ya shanye. Bayan la'asar ɗin ranar farko, da Inna ta fita alwala muka rage mu biyu, na durƙusa gaban gadon ina neman ta inda zan fara. Tun a mota nake haɗa kalmomin ban haƙuri, amma ya riga ni magana.

Ya ce, "Ai da ka aiko ka ce za ku zo, da na sanya riga mai kyau. Ban so mutanenka su gan ni hakan ga ba."

Na kifa kai a gefen katifa na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi kada masu jinya su ɗauka mutuwa ya yi.

Da aka koma makaranta, a taronmu na farko na miƙe na faɗa wa ƙungiya komai, na kuma janye daga takara. Ba wanda ya roƙe ni in fasa. Wasu sun daina kula ni na ɗan lokaci, ban ga laifinsu ba. Rukayya ce kawai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Kai dai ka cuce mu. Shekara uku muna cin wake da shinkafa gaya, ashe akwai mai nama a cikinmu." Dakta kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai duk ƙarshen wata takan tsayar da ni a baranda ta tambaye ni ko Baba na shan maganinsa, ta tsaya har sai na ba ta amsa.

Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, kuma har yau bai taɓa yi mini gorin ranar ba. Ɗan Ige ne dai ya ɗauki wannan aikin, kuma bai nuna alamar zai gaji ba.

Abin da na koya bai da yawa. Duk wanda zai fita gyara wa duniya ci da sha, ya fara tambayar yadda mutanen gidansu suka kwana. In kuma har mutum ya ƙudura sai ya yi ƙarya a kan asalinsa, to aƙalla kada ya ɗebo shaidu a mota ya kawo su har inda gaskiyar take zaune.