Rana a Likkafanin Hajja Asta

"Jam ni, jam ni. Gaisuwar ta isa haka, kar ka cinye mini hantsi," in ji Hajja Asta, ko kai ba ta ɗago ba daga yakuwar da take tsinka. "Mene ne ka goyo a bayan basfa tun daga Jimeta, dogo a naɗe kamar za a kai maƙabarta?"

Hamajoɗa take tambaya, jikanta, malamin makaranta, wanda tun yana tsumma take kiransa mijinta, shi kuma da ya yi baki ya rama da amarya. Ranar Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da aka fito da naira. Rediyo ya kwana uku yana shelar cewa yau wata zai kama rana wajen azahar. Wata biyu ke nan da wani Bature abokin koyarwarsa, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa madubin hangen taurari da tsohuwar kyamara, kuma tun ranar ba a sake gane kansa ba. Ya bugi ƙirji gaban aji cewa mako mai zuwa za su ga hoton husufin manne a allo, wanda ya ɗauka da hannunsa. Hoto uku kacal suka rage masa a fim, mai shagon hoto kuma ya ce babu wani sai jirgin ruwa ya iso Jimeta.

"Amarya, gyara bakinki," in ji shi yana kwance igiya. "Wannan shi ne madubin da ake ganin duwatsun wata da shi."

"Duwatsun Bagale ba su ishe ka ba? Kullum suna tsaye a ƙetaren Binuwai, ban taɓa jin ka je ka gaishe su ba."

"Yau rana zan ɗauka. Gidan hayarmu na Alkalawa mangwaro ya rufe sama, shi ya sa na zo tsakar gidanki."

"Oho. Ashe fili ka zo aro. Ni da na ce ko mijin ya tuna yana da mata." Ta ture kwanon yakuwa, ta ƙare wa abin kallo yana kafa shi. "Taɓarya ce mai ƙafa uku. Da ita ka ɗauko wancan hoton da ka kawo mini? Baƙi ƙirin da ɗigon fari a gefe, kamar kashin ƙadangare?"

"Wata ne, Hajja. Koyo nake yi a lokacin."

"Yanzu ka ƙware?"

"Ƙwarai. A duk Jihar Arewa maso Gabas, daga nan har Maiduguri, babu na biyuna."

"Na yarda. Ai ba kowane gida ake samun irinka ba, Allah yana tausayin mutane."

Ya yi dariya, ya zaro wani ɗan baƙin gilashi daga akwati, faɗinsa bai wuce kwabo ba, ya murɗa shi a ƙasan madubin inda ake sa ido.

"Kin ga wannan? Shi ne maganin rana. Da shi zan kalle ta ido da ido."

Hajja ta karɓi maganar ta juya ta a ranta, ba ta yi mata daɗi ba. Ta shekara saba'in da wani abu tana shanya kuɓewa da barkono, ta san abin da ranar Yola take yi wa kwanon ƙarfe, balle ɗan gilashi. Amma ta san jikanta: in aka ce masa kar ya yi, to an tura shi ne.

"Ranar da ke busar da fadamar Mbamba, ita ce za ka tare da wannan maɓallin riga?"

"Bature ne ya ƙera shi."

"Da ranar garinsu ya gwada, wadda ko wanki ba ta busarwa."

Kafin ya gama haɗa kayan rana ta kai tsakiyar ka, saboda haka sai da ya miƙar da bakin madubin sama sosai, wurin sa idon ya dawo ƙasa kusa da tabarma. Ya daidaita, ya sake daidaitawa, sannan ya kwanta rigingine zai cusa kai a ƙarƙashi.

"Madalla," in ji Hajja. "Ka miƙe sosai, ka juya gabas. Ashe ni zan ci gumbarka."

"Gumbarki dai, tsohuwa. Shekara goma muna jiƙa gero muna zubarwa, kin ƙi tafiya."

"Ina zan je in bar maraya da gemu? Tashi. Ba a leƙa rana a gidana da bakin amarya a bushe. Ina gorona?"

"Hajja, an fara kamawa! Ba ki ji unguwa ba?"

Da gaske ne. Ta bayan katanga an fara kaɗa gwangwanaye, wani dattijo yana kabbara da ƙarfi.

"Ranar ba guduwa za ta yi ba, an riƙe ta. Goro, ko in ɗaure akuyata a ƙafar taɓaryar nan."

"Kai, wannan aure! Saki ma na ƙi yi ne don ba mai kwasa."

Ya tashi yana gunaguni, ya cire sabuwar hularsa ta saƙi ya rataya a wurin sa idon don kar ƙura ta shiga, ya nufi zaure inda ya jingine basfa. Bai gama kwance ganyen goron ba sai suka ji ƙas, ƙarar ba ta fi ta fasa gyaɗa ba. Hajja ta shaƙi iska.

"Maigida, wa ke ƙona tsumma?"

Siririn hayaƙi ne ke fita daga tsakiyar hular. Hamajoɗa ya fizge ta, ya karkatar da madubin. Baƙin gilashin ya tsage gida biyu, hular kuma ta samu huji mai baƙin baki. Hajja ta miƙa hannu ta karɓa, ta zura ɗan yatsa ta hujin, ta motsa shi a gaban fuskarsa.

"Gaishe shi. Wannan idonka ne na dama."

Ya zauna a bakin tabarma, goron a hannunsa.

"Da yanzu ina da miji mai ido ɗaya. Talauci, ga surutu, ga makanta. Miƙo goron, ya biya kansa."

"Shi ke nan, Hajja," in ji shi, murya ta yi ƙasa. "Ba gilashi, ba hoto. Yara arba'in na yi wa alkawari. Malam Nicodemus na ajin kusa da ni tun jiya yake cewa in na kawo hoton zai ci allonsa."

Hajja ta ɓare goro ta jefa a baki. Zolayar mutumin da ya faɗi ba ta da daɗi, sai an tashe shi tukuna.

"Cire fasasshen. Mai da taɓaryar yadda take, amma kanka ya yi nisa da ita."

"Me za ki..."

"Ni da kai wa ya taɓa ganin an kama rana? Sau biyu na gani, ubanka ma bai yi kaciya ba a na farko. Mai da ita."

Ya mayar. Wani haske mai faɗin faifai ya zubo ta ƙasan madubin ya kwanta a kan tabarma, dishi-dishi, saƙar kaba ta kakkarya shi.

"Ga ranarka nan tana zuba ta gindin bututu kamar kunu, kai kana neman ta da ido."

Hamajoɗa ya buɗe baki. Ya jawo ɗan littafin da ya zo da madubin, ya fara buɗawa da sauri.

"Wallahi akwai shi! Shafi na sha biyu. A tara farar takarda a ƙasa, a yi mata inuwa..."

"Kai a shafi na nawa ka tsaya?"

"Na huɗu."

"Malamin makaranta. Allah ya jiƙan yaran mutane."

Ta aike shi madafi ya ɗauko tsohon faifan da ɓera ya huda a tsakiya, suka zura shi a wuyan madubin ya yi inuwa. Saura farin abu. Rigarsa shuɗiya ce. Zannuwan Hajja duk atamfa ne. Ya kawo farantin tangaran, sai ga furanni ja da kore a tsakiyarsa. Ya juya littafin, ko'ina rubutu. Hasken tsakar gida kuwa ya fara yin wani iri, kamar an surka shi da ruwa, kaji sun taru a gindin rumbu suna shawara, ga wani gajimare yana tasowa daga kudu.

Hajja ta dubi gajimaren, ta dubi jikanta. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe. Ta fito rungume da farin yadi a ninke, yana ƙanshin turare.

Hamajoɗa ya ja da baya. "A'a, Hajja. Wannan ai..."

"Likkafanina ne. Daga Makka na zo da shi, da zamzam aka wanke shi. Duk Yola ba abin da ya fi shi fari."

"Ba zan iya ba."

"Kai da ke jiƙa gero shekara goma? Ga kayan tafiya an fito da su, kuma ka tsorata? Yadi ne, ɗan nan. Sai na shiga ciki yake zama wani abu, ni kuwa ban shirya ba. Je ka wanke hannu, ka kama wancan gefen. In ka ɓata shi, da rigar ɗaurin aurenka za a naɗe ni."

Suka shimfiɗa ninki ɗaya a kan tabarma mai tsabta. Sai ga ta. Rana ce sosai, fara tas, gefenta a yanke kamar an gatsa, baƙin yana cin ta a hankali har ta koma kamar lauje. Hajja ta ce, "Allahu Akbar," a hankali, ba da muryar zolaya ba.

Ya ɗaga kyamara da garaje. Ƙyas.

"Wannan ka ɗauki babban yatsan ƙafarka. Tsaya." Ta juya masa baya ta durƙusa kaɗan. "Ɗora gwiwar hannunka a kafaɗata. Na goye ka kana tsula mini fitsari, kyamara ba za ta karya ni ba. Riƙe numfashi."

Ƙyas.

"Ya yi!" Ya daka tsalle. "Wallahi ya yi! Nicodemus zai ci allo! Amarya, kin ga aikin ilimi?"

"Ilimin wa?"

"Madubin wa ya kamo ta?"

"Guda nawa ya kamo?"

"Rana ai ɗaya ce."

"A makarantarku."

Ta taka zuwa madafi ta dawo da matsamin ƙosai, mai huji-huji, baƙi da tsufa. Ta ɗaga shi sama a gefen da rana ke dukan yadin. Ƙananan laujuna suka zubo a kan farin, jere-jere, kowane huji da tasa ranar, kowace da gatsarta.

"Ƙirga, malam. Ka iya lissafi ko shi ma a shafi na huɗu ka tsaya?"

Ya durƙusa yana ƙirgawa da baki buɗe. "Talatin da bakwai."

"Kai da taɓaryar Bature da basfa da hular da ta mutu, ɗaya. Ni da abin tsame ƙosai, talatin da bakwai. Kakata ce ta nuna mini a ƙarƙashin tsamiya, ba ta san ko alif ba."

Hamajoɗa ya dubi gajimaren da ya kusa isowa, ya dubi kyamara. Saura ɗaya. Niyyarsa ya adana shi ya sake ɗaukar babbar, ko da na biyun bai fita ba.

"Tsaya haka, Hajja. Kar ki sauke hannu."

"Kar ka ɓata na ƙarshen a kaina. Hoton fasfo da aka yi mini na fito kamar an kama ni da akuyar mutane."

"Na biyun ya fita, kafaɗarki ba ta motsa ba. Wannan na babbar malama ne. Na sallama, amarya. Yau ke ce mijin."

Dariya ta ƙwace mata, jan goro ya bayyana, matsami a sama, ranaku talatin da bakwai a gabanta. Ƙyas. Ko minti ɗaya ba a yi ba gajimaren ya rufe komai.

Daga masallacin unguwa aka fara kiran mutane sallar husufi. Hajja ta kafa masa hular mai huji a ka.

"Tafi da ita haka, iska ta riƙa shiga, ko shafi na biyar zai samu hanya. Ka yi raka'a biyu ta godiya saboda idon nan."

Ya tsaya yana kallonta tana ninke yadin, tana shafa shi da tafin hannu.

"Hajja, ba ki ji komai ba? Kayanki na ƙarshe..."

"Na ji mana. Taɓa ka ji." Ta miƙa masa gefen, da ɗumi. "Dā abin da ke damuna da kabari sanyi ne. Yanzu rana da kanta ta riga ni kwanciya a ciki, ta ɗumama mini wuri." Ta rungume shi ta nufi ɗaki. "Amma ku ci gaba da zubar da geronku. Sai na ga Nicodemus ya ci allon nan tukuna."