Ranar da Na Gyara wa Robo Kayan Aikinsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa robo karambani ba, kuma ko na so mantawa mutanen garinmu Karofane ba za su bar ni ba.

Ni ɗan maƙera ne gaba da baya, kuma ɗan fari, don haka tun ina jan zugazugi kowa ya san uwar maƙerar Baba ni take jira. Sai Allah ya sa na yi lekol, wato boko, na koyi walda a Madawa, har aka tura ni istaj, wato sanin makamar aiki, wata cibiyar koyon sana'a a ƙasar waje. Can na haɗu da robo. Hannu ne guda na ƙarfe, dogo kamar wuyan raƙumi, aikinsa haɗa fallayen sanholo ba tare da wuta ba. Wani ɗan kai na ƙarfe yake riƙewa, ya juya shi da gudu, ya danna a mahaɗar fallaye biyu. Gugar ta sa sanholon ya yi laushi, ya tuƙa shi kamar tuwo ya wuce, sai ka ga biyu sun zama ɗaya. In kaurin falle ya canza, da kansa yake zuwa wurin jerin kayansa ya ajiye wannan kai ya ɗauki wancan. Kuma yana jin ƙarfin da yake dannawa, akwai layi a ekaran, wato allon kwamfuta, da ke nunawa, in ya wuce ƙa'ida sai ya tsaya.

Da na ba Baba labari a salula, sai ya ce walda ba wuta tatsuniya ce, ashe ƙarya aka tura ni koyo. Damina ta matso, manoma sun fara kawo hauya da galma, bayansa kuma yana ciwo. Ya ce gani ya kori ji: in ya ga ƙarfe ya haɗu ba wuta da idonsa, in zauna in ƙare karatuna, in bai gani ba in tattaro in dawo rumfa. Ni kuwa wallahi ina son aikin nan kamar raina.

Shef ɗinmu, wato shugabarmu, wata injiniya mai suna Madam Salma, ta yarda in nuna masa ta bidiyo ranar gwaji. Da safe, mashin yana a kashe, ta ce in share wurin. Ina shara idona ya kai kan jerin kawunan nan, na ga babba kusa da ƙarami, dogo a tsakiya, ba tsari ba kan gado. A gidanmu wannan abin kunya ne. In baƙi za su zo, masaba da awartaki daga babba zuwa ƙarami ake jera su, in ka kuskure ranƙwashi ne. Sai na kwashe su tsaf, na goge, na jera su yadda aka rene ni. (Har na ja da baya na ƙare musu kallo, na sa wa kaina albarka.) Na fa san robo ba ya gani, lambar gurbi kawai ya sani, har a jarrabawa na rubuta haka. Amma hannun maƙeri ya riga kan ɗan lekol.

Lokaci ya yi, na kira. Ƙanwata Rakiya ce ke riƙe da salula, Baba na zaune a rumfa, ga manoma sun yi cincirindo a bayansa, har liman na hango. Na gyara murya, ina Hausa ina yayyafa Faransanci don a san ba wasa nake ba. Robo ya juya ya nufi jere, ya ɗauko wani ƙaton kai na falle mai kauri, alhali siririn falle ne a kan tebur. Maimakon in farga, sai na ce musu su duba da kyau, babba ya zaɓa, aikin manya za a yi.

Ya danna. Layin ekaran ya yi tsalle ya koma ja, jiniya ta ɗauka, robo ya ɗaga kansa ya tsaya cak. Daga cikin salula na ji wani dattijo yana tambaya ko ya mutu ne.

Madam Salma ta dubi ekaran, ta dubi jeren kawuna mai kyau kamar kayan ɗakin amarya, sannan ta dube ni. Da Faransanci ta tambaya wa ya taɓa. Dole na ce ni ne. Na so in kashe kiran in ɗora wa rezo, wato sabis ɗin waya, laifi, amma Rakiya, wadda ita ma ta yi lekol, ta riga ta fara fassara wa jama'a kalma bayan kalma, da ƙarfi, ba ta rage ko ɗaya ba.

Baba ya yi dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe abin ga maƙeri na! Ko ni wani yat taɓa mani kaya, aje masaba nikai. Ya ji ba daidai ba ga hannu nai, shi yas sa yat tsaya."

Madam ta mai da kowane kai gurbinsa, aka sa sabon falle. Wannan karon layin ya miƙe lafiya lau, robo ya tuƙa sanholo ya wuce, ba hayaƙi ba tartsatsi. Baba ya sa na juya fallen gaba da baya, ya sa na ƙwanƙwasa shi ya ji amonsa.

"Kai wanga," in ji shi (ɗan fari ne ni, ba ya kama sunana), "zamna ka koya. Amma ka taɓa kayan maigida, ba shi haƙuri tukuna."

Na ce Baba mashin ne fa. Ya ce yana jira. Haka na durƙusa gaban shingen robo, liman na kallo, Rakiya na ƙyaƙyata dariya, na ce a yi haƙuri ba zan sake ba. Madam ta tambaye ni me nake yi a ƙasa, na ce waya nake dubawa.

Na ƙare istaj ɗina lafiya, ɗan baffana ya kama wa Baba ƙira a daminar nan. Amma har yau in na je gida sallah, kafin a tambaye ni gajiya sai an tambaye ni ko maigidana ya huce. Ni dai na ɗauki darasi: in ka ga kayan wani a hargitse, ka share ƙasa ka wuce, mai su ya san inda ya ajiye abinsa.